Numfashi Ya Shirya, Ƙashi Bai Shirya Ba

Duk lokacin da aka buɗe shafin ɗaukar sababbin sojoji ko 'yan sanda, ba sai kowa ya sanar da ni ba. Daga bencin ƙofar ɗakin gashi nake ganewa. Da an yi mako uku ko huɗu da fitar sanarwar, bencin da tsofaffi masu ciwon baya da masu shanyewar ɓarin jiki suka saba zama sai ya cika da samari majiya ƙarfi, kowa na dafe da ƙwauri. Shekarata goma sha ɗaya ina aikin likitan gashi a Kano, ban ga shekarar da hakan bai faru ba.

Wanda ya sa ni wannan rubutu wani yaro ne tela, ɗan shekara 21. Mahaifinsa ne ya kawo shi a bayan babur. Tun da ya gama sakandare yake zaune a kan keken ɗinki daga safe zuwa magariba, sai ƙwallon ranar Juma'a in ta samu. Da ya cike fom, aka gaya masa akwai gudu a wajen tantancewa, sai ya sayi kambas na gwanjo ya faɗa titi. Kullum bayan sallar asuba, ba fashi. Ya fara da kilomita uku, kafin mako biyu ya kai goma, duk a kan kwalta. Da yamma kuma shi da abokansa su hau Goron Dutse da jakar yashi a baya, wai haka ake yi a Depo na Zariya. A mako na uku ƙafa ta fara magana. Ya je kemis aka ba shi haɗi a ƙullin leda da man zafi, ya ci gaba da gudunsa. Da abin ya ƙi, aka kai shi wajen mai kamu ya murje wurin son ransa.

Na ce masa, "Nuna mini inda yake maka ciwo."

Bai shafa da tafin hannu ba. Yatsa ɗaya ya ɗora a gefen ƙwaurin dama ta ciki, kamar taƙi ɗaya sama da idon sawu. Na bi ƙashin da babban yatsana a hankali daga sama, yana kallona bai ce uffan ba, ina isa wurin ya zabura ya riƙe mini hannu. Na ce ya tsaya da wannan ƙafar kaɗai ya ɗan yi tsalle. Ya ɗaga dunduniya, ya kasa barin ƙasa.

"Ƙashin nan ya tsage," na ce.

"Haba Likita! Ban faɗi ba, ban yi tuntuɓe ba, ba abin da ya buge ni. Ta ina ƙashi zai tsage?"

Mahaifin ya gyara zama ya ce, "Wallahi Likita, mu har mun fara tunanin ko hannu aka sa masa, ganin ya kusa samun aiki."

Na ce, "Baba, ba wanda ya sa masa hannu. Ƙafarsa ce ya ɗora wa kayan da ba ta saba ɗauka ba."

Tambayar yaron ita ce tambayar kowa, don haka bari in tsaya a kanta. A kowane taku na gudu, ƙafar da ta dira tana karɓar nauyin da ya ninka na jikinka sau biyu zuwa uku. Mai kilo 65 ke nan ƙafarsa na karɓar kimanin buhu ɗaya da rabi na masara. Mai sassarfa yana yin taku kusan 1,000 a kowace kilomita. Kilomita goma, taku 10,000 ke nan, kowace ƙafa 5,000. A kwana bakwai ba hutu, 35,000. Ɗauki cokalin ƙarfe ka lanƙwasa shi kaɗan ka mayar, ba abin da zai same shi. Yi ta maimaitawa ka ga inda za a kwana.

Sai dai ƙashi ya bambanta da cokali, domin shi rayayye ne, yana gyara kansa. Akwai ƙwayoyin halitta iri biyu da ke masa aiki dare da rana, ni nakan kira su masu kankara da masu yaɓe. Wanda ya taɓa ganin ana gyaran katangar ƙasa kafin damina ya san magini ba ya liƙa sabuwar ƙasa a kan ɓawon da ya dare. Sai ya kankare wurin tukuna, sannan ya yaɓa, sannan a jira ya bushe. Haka jiki yake yi. Da ka fara gudu, 'yan ƙananan tsaga da ido ba ya gani suna bayyana a cikin ƙashi. Masu kankara su zo su share wurin, wannan aikin makonni ne kaɗan. Masu yaɓe kuwa, kafin su cike ramin ya yi ƙwari, sai an ɗauki wata uku zuwa huɗu. A tsakanin nan katangar ta fi yadda take da farko rauni. In ka ba ta lokaci, za ta fi da ƙarfi. Wani likitan Jamus, Julius Wolff, ya bayyana wannan tun 1892, cewa ƙashi yana gina kansa daidai da nauyin da ake ɗora masa. In kuwa ruwa ya sauko kafin yaɓe ya bushe, ka san sauran.

Abin da ke yaudarar samari shi ne sauran jiki ba ya wannan jinkirin. Cikin mako ɗaya zuwa biyu ruwan jini yana ƙaruwa, zuciya ta fara tura jini mai yawa a kowane bugu, tsoka ta fara koyon cin moriyar iskar da ake shaƙa. Wanda ranar farko ya tsaya yana haki a kilomita ɗaya, bayan kwana goma sha huɗu sai ya ji kamar ya je Wudil ya dawo. Ƙirji yana ce masa ƙara, shi kuma ya ƙara, daidai lokacin da masu kankara suka gama rarake ƙwauri, masu yaɓe ba su yi nisa ba. Shi ya sa ba a makon farko nake ganin su ba. A na uku zuwa na shida suke zuwa. Sauri ya haifi nawa.

Ciwon nan ma a barikin soja aka fara saninsa. A 1855 wani likitan sojan Jamus mai suna Breithaupt ya rubuta labarin sojojin da ƙafafunsu ke kumbura suna ciwo bayan doguwar tafiya. Sai bayan da aka gano ɗaukar hoton ƙashi a 1895 aka ga ashe ƙasusuwan tafin ƙafa ne ke tsagewa.

Maganar hoto ta tuna mini kuskuren da na yi a shekarata ta biyu a aiki, wanda har yau in na tuna sai na ji ba daɗi. Wani matashi ya zo da irin wannan ciwo, na tura shi hoto, hoto ya fito fes. Na ce masa tsoka ce, ya huta kwana uku ya koma. Bayan mako uku aka dawo da shi a kan sandunan dogarawa, tsagar ta buɗe. Abin da na karanta a makaranta amma ban riƙe ba shi ne, irin wannan tsaga sau da yawa ba ta fitowa a hoton ƙashi na yau da kullum a mako biyu ko ukun farko. Na'urar MRI ce ke nuna ta da wuri, ita kuma ba kowane aljihu ke kai mata ba. Tun daga ranar, in yatsa ya ce ƙashi ne, hoto ya ce lafiya lau, yatsan nake bi har sai an sake hoto bayan mako biyu ko uku.

Ba kowane ciwo ne abin tsoro ba, kada in sa ku ajiye takalma. Akwai tsamin jiki, wanda ke kama cinyoyi da sha-raɓa duka ƙafa biyu, ya fi tsanani kwana ɗaya zuwa uku bayan aikin da ba a saba ba, ya tafi da kansa. Wannan ba komai. Akwai ciwon gefen ƙwauri mai faɗi, wanda in aka ce ka nuna sai ka shafa da tafin hannu, tsawon yatsa ko fiye; yakan taso a farkon gudu ya lafa in jiki ya ɗau zafi. Wannan gargaɗi ne, ƙashi na cewa a sassauta: rage gudu zuwa rabi, bar kwalta, bar hawan dutse. Na ukun shi ne irin na telan nan. Wuri ɗaya ne da kan yatsa ke rufewa, yana ƙaruwa in ana gudu maimakon ya lafa, daga baya ya bi ka har cikin tafiya, wani lokaci har kana kwance da dare. Mai wannan ya daina gudu a ranar, ya nemi asibiti. Kada a murza, kada a ja, kada a ɗaure da karare. Akwai kuma wurare uku da ba na wasa da su ko kaɗan: gaban ƙwauri a kan tsinin ƙashin, saman ƙafa gab da idon sawu, da ciwo mai zurfi a matsematsi. Tsagar waɗannan wuraren tana da wuyar haɗewa, ta matsematsin kuwa wuyan ƙashin cinya ne, in ya ƙarasa karyewa sai tiyata.

To yaya ake shiri? Wata uku nake ba duk wanda ya tambaye ni, in son samu ne huɗu. Kwana uku a mako, da hutun kwana ɗaya a tsakani, domin a ranar hutu ne masu yaɓe ke aikinsu. Mako biyun farko, sassarfa ta minti ɗaya ko biyu, tafiya ta minti biyu, a yi ta juyawa har minti ashirin. Na san yadda wannan ke yi wa saurayi ɗan shekara ashirin a kunne. Wani ya taɓa ce mini, "Likita, ai wannan atisayen tsofaffi ne, 'yan unguwa dariya za su yi mini." Na ce su yi, ai ba su za su saya maka sanda ba. Daga nan sai a riƙa tsawaita sassarfar ana rage tafiyar, kaɗan-kaɗan. Abu ɗaya ake ƙarawa a lokaci guda: in ka ƙara nisa a makon nan, kada ka ƙara sauri, kada ka ƙara tudu. Kowane mako na huɗu a ja da baya a rage. Jakar yashi kuwa a bar ta a gida har sai an yi wata biyu ana gudu ba ciwo.

Saurin ma akwai ma'auninsa, ba ya buƙatar agogo mai tsada. In kana gudu da abokinka kuna iya hira, ka gama zance ba tare da ka tsaya neman numfashi ba, kana daidai. Samarinmu sun ɗauka in ba ka dawo gida kana ganin jiri ba, ba ka yi komai ba, kowace safiya tsere ce tsakanin abokai. Manyan 'yan gudun duniya ba haka suke yi ba. Masanin nan Stephen Seiler, da ya bi diddigin atisayen zakarun wasannin juriya, ya ga kusan kashi 80 cikin 100 na aikinsu a natse suke yinsa. Eliud Kipchoge na Kenya, wanda ya yi gudun fanfalaki na kilomita 42 a Balin cikin awa 2 da minti 1 da daƙiƙa 9 a 2022, akwai ranakun da yake fita daga sansaninsu na Kaptagat da sassarfar da ɗan makaranta zai iya bin sa a farkonta. Gudun sauri sau ɗaya a mako ya wadatar, shi ma sai bayan mako shida.

Abin da na fi so in ga an ɗauka da muhimmanci, kuma aka fi rainawa, shi ne ƙarfafa tsoka. Sha-raɓa da cinya da tsokar mazaunai su ne ke shanye girgizar taku kafin ta kai ga ƙashi. Da sun gaji, ƙashi ne ke biya. A 2014 wasu masu bincike a Denmak sun tattara gwaje-gwaje 25 da aka yi a kan mutum fiye da 26,000 masu wasanni iri-iri, suka ga atisayen ƙarfafa tsoka ya rage raunuka zuwa ƙasa da kashi ɗaya cikin uku, miƙe-miƙen jijiya kuwa, da muke ɓata minti goma a kansa kafin gudu, bai rage komai ba. Ba sai ka je gidan ɗaga ƙarfe ba. Tsaya a bakin dakali da yatsun ƙafa, dunduniya na lilo, ka ɗaga sama ka sauko a hankali sau goma sha biyar. In ka saba, ka koma ƙafa ɗaya. Zauna a kan kujera ka miƙe ba tare da dafa komai ba. Kwanta rigingine, tanƙwashe gwiwa, ɗaga ƙugu sama. Sau biyu a mako, minti ashirin. Kafin gudu kuwa, tafiya mai sauri ta minti biyar ta fi duk wani miƙe-miƙe.

Takalmi shi ne abin da aka fi tambayata, shi ne kuma na fi gajarta amsa a kai. Sayi wanda ka ji daɗinsa a ƙafa, da ɗan sarari a gaban babban yatsa. In na gwanjo ne, ajiye shi a kan tebur ka duba ta baya. In ya karkace gefe ɗaya, ƙafar wani ce ta cinye shi, bar musu. Abebe Bikila, sojan fadar Sarkin Habasha, ba takalmi ya lashe gudun fanfalaki na Olamfik a Rum a 1960. Ya sake lashewa a Tokiyo a 1964 da takalmi. A Meziko a 1968, da takalminsa a ƙafa, ya fice kafin a kai rabin tafiya saboda tsagewar ƙashi a ƙafarsa. In wannan ciwo bai ji kunyar Bikila ba, kambas ɗinka ba zai tsare ka ba. Inda kake takawa ma a riƙa sauyawa: burji ko filin makaranta yau, kwalta wata rana. Abinci kuma a ci ya ishe. Mai gudu da yunwa yana hana masu yaɓe ƙasa ne. Nono, kindirmo, wake, ƙwai, zogale da miyar kuka duk suna cikin abin da ƙashi ke so. 'Yan mata masu wannan shiri, in al'ada ta ɗauke wata biyu ko uku bayan fara gudu, alama ce abinci bai kai aikin ba, kuma ƙashi na cikin haɗari. A ga likita.

Duk abin da na faɗa zuwa nan ɗingishi yake jawowa. Wanda zan faɗa yanzu rai yake ɗauka. Daga Maris zuwa Mayu zafin Kano da Sakkwato da Maiduguri yana haura digiri 40, mai gudu kuma yana iya zubar da zufa lita ɗaya zuwa biyu a awa guda. Jiki na buƙatar kwana 10 zuwa 14 kafin ya saba aiki a cikin zafi. Haɗin kemis ɗin nan, in ka kwance ledar, da wuya ka rasa diklofenak ko danginsa, wani lokaci har da tiramol. Laifinsu biyu ne. Suna toshe bakin ciwon da ke ƙoƙarin ce maka tsaya. Sannan diklofenak da danginsa suna rage jinin da ke zuwa ƙoda, daidai lokacin da ƙishirwa ta riga ta rage shi. Shan su kafin gudu don wai kada a ji ciwo, a ganina, shi ne mafi munin abin da samarinmu suka koya wa juna. In bayan atisaye mai tsanani ka ga fitsarinka ya koma kamar shayi ba madara, tsoka ta kumbura tana ciwon da ya wuce misali, tsokar ce ke narkewa tana zuba cikin jini. Wannan ba na jiran gobe ba ne, asibiti a ranar.

In kuma kuna gudu abokinku ya fara tangaɗi, yana magana ba kan gado, ko ya zube, jikinsa zafi rau, kada a tsaya neman mota tukuna. A ja shi inuwa, a cire masa riga, a yi ta kwarara masa ruwan sanyi daga wuya zuwa ƙafa ana fifita, in akwai ƙanƙara a sa. Ana sanyaya shi wani na neman abin hawa. Kada a ɗura wa wanda ba ya cikin hayyacinsa ruwa a baki. Ina kuma roƙon kowa ya san jininsa kafin ya fara. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya AS ne. Mai AS ba majinyaci ba ne, yana gudu yana aikin ƙarfi, amma gudun ƙure ƙarfi cikin zafi ba tare da sabo ba ya fi yi masa haɗari fiye da mai AA, musamman in yana fama da zazzaɓi. Duk mai zazzaɓi ma, ko wane irin jini gare shi, ba shi ba gudu har sai ya warke. Da azumi, a bari sai an sha ruwa da awa ɗaya ko biyu, ko bayan Asham. Iyayenmu da likita ya ce su motsa jiki saboda hawan jini ko ciwon suga, su fara da tafiya, su kuma koma wa likitan kafin su ce za su yi gudu.

Telan nan hoton da aka yi masa bayan mako uku ya nuna tsagar ƙarara. Mako biyu ya yi da sanduna, mako takwas bai yi gudu ba; keke na ba shi ya riƙa tuƙawa don kada numfashin da ya tara ya zube. Tantancewar wannan shekarar ta wuce shi yana zaune a shago. Ranar da na sallame shi na rubuta masa jadawalin mako goma sha biyu a bayan katinsa, mahaifinsa ya karɓa ya ninke ya sa a aljihun gaba, ya ce shi zai riƙa duba masa.

Don Allah, wanda ke da ɗa ko ƙane da ke jiran a buɗe shafi, ya gaya masa kada ya jira sanarwa. Ya fita gobe da asuba, minti ashirin, rabi tafiya rabi sassarfa, jibi kuma ya huta.